Dogon hutun damina: Ma'aikacin Karshi ma yana da haƙƙi a ciki

A ƙarshen watan Yuli na kowace shekara Abuja kan sassauta ɗamara. Majalisar Dattawa da ta Wakilai sukan tafi dogon hutu har cikin Satumba, manyan kotunan tarayya su jingine zaman yau da kullum su bar 'yan alƙalan da za su saurari shari'o'in gaggawa, makarantu kuma su sallami ɗalibai bayan jarrabawar zango na uku. A filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe layin masu fita zuwa Landan da Dubai da Alƙahira yakan ƙara tsawo, domin masu hannu da shuni sun saba bin Turawa can su ci wannan lokaci tare da su. A Karshi kuwa, garin da ke gefen kudu maso gabashin birnin, kusa da iyakar jihar Nasarawa, motocin haya suna ci gaba da lodi tun kafin gari ya waye, kamar dai babu abin da ya sauya.

Jaridar nan tana ganin akwai gyara a wannan al'amari. Watannin nan na tsakiyar damina su ne mafi dacewa da hutun ma'aikacin gwamnatin tarayya da hadimin ɗan siyasa, kuma hutun da zai amfane shi ba ya buƙatar biza ko tikitin jirgi. Abin da yake buƙata shi ne a sake shi daga ofis na tsawon kwanakin da doka ta ba shi, shi kuma ya yarda ya huta. Dukkan abubuwan biyu sun yi ƙaranci a wannan birni.

Al'adar hutun tsakiyar shekara da ake kwaikwayo daga Turai tana da dalilinta a can. Ƙasashen suna fama da sanyi mai tsanani da gajerun ranaku na tsawon watanni, don haka idan Yuni ya kama, rana ta fito ta daɗe ba ta faɗi ba, sai kowa ya nemi fita waje. Kuma ba kyauta aka yi wa ma'aikatansu ba. A Faransa sai a 1936, bayan yajin aiki ya game ƙasar, aka kafa dokar hutun mako biyu tare da biyan albashi, aka yi ta ƙarawa har ya kai mako biyar a 1982. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta ɗora wa ƙasashenta mafi ƙarancin mako huɗu a shekara. Abin lura a nan shi ne, direban bas da mai share ofis suna cin wannan hutu kamar yadda minista ke ci. Manyan Nijeriya sun ɗauko sunan lokacin da tafiye-tafiyensa, suka baro wannan ɓangare na daidaito a can.

Lissafin shekarar Bahaushe daban yake. Akwai hunturu da ƙurarsa, akwai bazara da zafinta, sannan damina, sannan kaka. Bazara ba lokacin shaƙatawa ba ce ga kowa a nan. A watan Maris zafin Abuja yakan haura digiri 35, dare ya zama azaba ga wanda ba shi da wuta, rijiyoyi su ja baya, kuɗin ruwan 'yan garuwa ya tashi. Sauƙi yana zuwa ne da ruwan sama, wanda kan soma a Afrilu ya kai Oktoba. Zuwa Agusta, lokacin marka, zafin rana yakan sauka ƙasa da digiri 30, duwatsun da ke kewaye da Karshi su lulluɓe da kore, iska ta wanke daga ƙura, barci ya yi daɗi ba tare da fanka ba. Bahaushe ya kira damina uwar albarka saboda amfanin gona, amma albarkarta ta haɗa da wannan sanyi da mutum ke samu kyauta. A daidai lokacin ne kuma yara suke gida, ayyukan majalisa suka tsaya, takardun da ke yawo tsakanin ma'aikatu da kwamitoci suka ragu. Da wuya a samu watan da ya fi wannan sauƙin sakin ma'aikaci.

Ta fuskar doka babu abin da ya hana. Dokokin Aikin Gwamnati sun ba ma'aikacin da ke mataki na 07 zuwa sama hutun kwana 30 a shekara, na mataki na 04 zuwa 06 kwana 21, na ƙasa da haka kuma kwana 14. Dokokin sun ɗora wa shugabannin ma'aikatu alhakin tsara jadawalin hutu, suka kuma nuna cewa wanda bai ci hutunsa cikin shekarar ba ya yi asararsa. Idan aka gwada da Dokar Ƙwadago, wadda kwana shida kacal ta tanadar wa ma'aikacin kamfani bayan ya cika wata goma sha biyu yana aiki, za a ga ma'aikacin gwamnati yana da gata a rubuce.

A aikace labarin ya sha bamban. Duk wanda ya san Sakatariyar Tarayya ya san ma'aikacin da ya cike takardar hutu, aka sa masa hannu, amma kullum yana kan kujerarsa. Wani yana tsoron kada kafin ya dawo a miƙa fayil ɗinsa ga wani. Wani yana jiran tafiyar aiki ko taron bita da zai samu kuɗin kwana, domin tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 albashi ba ya kai wata, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike giɓin ba. Wani kuwa maigidansa ne ya ce masa ba zai iya yi ba tare da shi ba, shi ma ya ɗauki wannan magana a matsayin yabo. Akwai kuma wanda ya tafi hutun da gaske, amma wayarsa ba ta daina ƙara ba, saƙonnin WhatsApp na ofis suna bin sa har kan tabarmar mahaifiyarsa. A hankali rashin hutu ya zama abin tinƙaho, ana auna biyayyar ma'aikaci da yawan shekarun da ya yi bai ɗaga ƙafa ba.

Mazaunin Karshi ya fi kowa jin wannan a jikinsa, saboda hanya tana cin rabon da ya kamata ya zama na hutunsa na yau da kullum. Tsadar haya a Garki da Wuse da Asokoro ce ta tura dubban ma'aikata zuwa garuruwan gefe. Wanda ya zauna a Karshi sai ya ratsa Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, ya haɗu da ayarin motocin Nyanya da Mararaba a hawan Kugbo, kafin ya isa shataletalen AYA ya shiga gari. Hanyar Apo zuwa Karshi, mai tsawon kimanin kilomita 13, domin rage wannan wahala aka tsara ta. An ba da kwangilarta a 2011 zamanin Bala Mohammed yana ministan Babban Birnin Tarayya, ta ƙetare shekaru takwas na Muhammad Musa Bello, Nyesom Wike ya gaje ta a 2023 ba a kammala ba. Yaron da aka haifa shekarar da aka sa hannu a kan kwangilar ya shiga makarantar sakandare mahaifinsa yana nan yana bin tsohuwar hanya.

Lissafin ba shi da wuya. Aikin gwamnati ƙarfe takwas ne zuwa ƙarfe huɗu, wato awa 40 a mako. Idan ma'aikaci yana kashe awa biyu a zuwa, awa biyu a dawowa, ya ƙara awa 20, jimla 60. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da sakamakon wani bincike da ya nuna cewa masu aikin awa 55 ko fiye a mako sun fi masu aikin awa 35 zuwa 40 haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, da haɗarin mutuwa daga ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 17 cikin ɗari. Binciken ya danganta mutuwar mutum 745,000 a 2016 da doguwar awar aiki. Gaskiya ne masu binciken awoyin aiki suka ƙirga, ba su sa na hanya ba. Sai dai mutumin da ya yi awa biyu a matse cikin bas, yana shaƙar hayaƙi, yana duba agogo saboda rajistar zuwa aiki, ba za a ce hutawa ya yi ba.

Ga kuma hawan jini, wanda binciken likitoci da dama ya nuna yana tare da kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu ɗauke da shi a duniya ba su san suna da shi ba, domin ba ya sallama kafin ya shigo. Ƙarancin barci, da zaman wuri ɗaya, da abincin kan titi mai yawan gishiri da mai, da fargabar da ba ta yankewa, su ne takin da yake girma a kai, kuma su ne ainihin rayuwar ma'aikacin da ke fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i. Allunan sanarwa na ma'aikatu ba sa rabuwa da hotunan waɗanda suka rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, da yawansu ba su kai shekara 60 ta ritaya ba. Ajali na Allah ne, babu mai ja da haka, amma Shi ne kuma Ya ba bawa jiki amana, kuma masallaci da coci duk suna koyar da cewa za a tambayi mutum yadda ya riƙe amana.

Halin hadimai ya fi na ma'aikatan dindindin tsanani. Majalisar Dokoki ta Ƙasa tana da sanatoci 109 da wakilai 360, kowannensu da hadimai biyar da hukuma ke biya, ban da na ministoci da masu ba da shawara. Tsarin mulki a sashe na 63 ya wajabta wa kowane zaure zaman aƙalla kwana 181 a shekara, abin da ya bar wa 'yan majalisa sarari mai yawa. Wannan sarari ba ya kaiwa ga hadimi. Idan maigida ya tafi mazaɓa, hadimi ne ke gaba wajen shirya taro da tarbar masu neman taimako da halartar biki da zaman makoki. Idan maigida ya tafi ƙasar waje, hadimi ne ke tsaron ofis da waya da gida. Tunda kuma aikinsa yana rataye ne da yardar mutum ɗaya, neman hutu yakan zame masa kamar neman sallama. Direba da ɗan sandan rakiya da sakatariya suna cikin wannan layi. Ɗan majalisar da ke tsayawa a zaure yana kare haƙƙin ma'aikata ya kamata ya fara duba mutum biyar da ke bakin ƙofarsa.

Za a ce da wane kuɗi talaka zai huta. Tambaya ce mai nauyi, kuma tana fitowa ne daga ɗaukar hutu a matsayin tafiya da otal da sayayya. Abin da jiki ke nema ya fi haka araha. Na farko barci ne, awa bakwai ko fiye a dare, wanda likitoci suka yi ittifaƙi a kansa ga babba, kuma wanda mai tashi ƙarfe huɗu ba ya samu sai a lokacin hutu. Na biyu motsi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato tafiyar ƙafa ta rabin awa da ɗan sauri, sau biyar a mako, ta kai mutum ga matakin farko. Karshi gari ne da har yanzu gonaki ke kewaye da shi, Gwandara da Gbagyi suna noman doya da masara da dawa a ƙasar kakanninsu, hanyoyin gona a buɗe suke ga mai son tattaki da sanyin safiya. Ma'aikacin da ke da 'yar gona ya ma fi kowa sa'a, domin noma shi ne sana'a ɗaya da ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta halatta masa ya haɗa da aikin gwamnati. Awa biyu da fartanya a hannu ta fi kuɗin rajistar gidan motsa jiki a Maitama, ga kuma buhun masara a kaka. Sharaɗin kawai kada gonar ta koma wani ofis da zai dawo daga gare shi ya fi tafiya gajiya.

Abincin damina ma yana goyon bayan mai hutu. Wannan ne lokacin ɗanyar masara da dafaffiyar gyaɗa, da sabuwar doya idan Agusta ta yi nisa, da kuɓewa ɗanya da yalo da gauta. Zogale da rama da tafasa da lalo da alayyafo da yakuwa suna cika kasuwa, wasu ma a bayan gida suke fitowa ba wanda ya shuka. Gram 400 na ganye da 'ya'yan itace da masana ke cewa a ci kullum ba abu ne mai wuya ba ga gidan da ke kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da rana, ya yi miyar ganye da dare. Wata guda na cin abincin gida yana ba mutum damar rage gishiri zuwa ƙasa da gram biyar a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, da rage dunƙulen ɗanɗano da lemon kwalba da ya saba korawa da su a bakin sakatariya. Daddawa da albasa da tattasai sun daɗe suna gyara miya kafin zuwan waɗannan.

Cikin kwanakin hutun, safiya ɗaya ta asibiti ce. Karshi tana da babban asibiti na gwamnati, kuma ma'aikacin tarayya yana cikin tsarin inshorar lafiya da dokar 2022 ta mayar wajibi ga kowa, inda kashi goma cikin ɗari na kuɗin magani kawai yake biya. Auna hawan jini ba ya ɗaukar minti biyar. Wanda awonsa ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko fiye yana buƙatar ganin likita, ko da kuwa yana jin kansa garau. Haka gwajin sukari, da na ido, da na ciwon hanta. Mutane da yawa sun san lokacin sauya man injin motarsu, amma ba su tuna ranar da aka yi musu awo na ƙarshe ba.

Damina tana da nata ƙayoyin, kuma yabonta ba zai sa a rufe ido a kansu ba. Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma a watannin nan cutar ta fi ƙamari, don haka gidan sauro mai magani da cike kududdufan ƙofar gida suna cikin shirin hutu, zazzaɓi kuma a gwada shi kafin a sha magani. Amai da gudawa kan biyo ruwan da ya kwashi ƙazanta ya zuba a rijiya, kuma a garin da yawancin gidaje suka dogara da rijiya da burtsatse da 'yan garuwa, tafasa ruwan sha ba ƙauyanci ba ne. Rafukan da ke gangarowa daga duwatsu sukan cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa a cikin gari ba, yara kuma ba su san wannan ba. Uban da ke gida shi ne zai iya hana su.

Su ma yaran ana tauye musu nasu hutun. Makarantu masu zaman kansu sun mayar da Agusta zango na huɗu da sunan lesin, iyaye kuma suna biya da murna domin babu wanda zai zauna da yaran a gida. Yaron da ya yi wata tara yana tashi da duhu domin motar makaranta yana buƙatar ya yi wasa a ƙasa, ya je ƙauye ya ga kakanninsa, ya ji harshen gidansu a bakin tsofaffi, ya san yadda gyaɗa take fitowa. A gidaje da yawa na garuruwan gefen Abuja uba yana fita yara suna barci, ya dawo sun yi barci, sai Asabar ko Lahadi suke ganin fuskarsa da rana. Kwana 30 a jere na iya gyara abin da ƙarshen mako hamsin ba su gyara ba.

Saboda haka akwai aiki a gaban hukumomi uku. Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ya kamata ya mayar da jadawalin hutu abin da ake bin diddiginsa, a tambayi kowane darakta mutum nawa ne a sashensa suka ci hutunsu cikakke, a kuma sa wanda zai riƙe aikin mai hutu a rubuce, yadda ba za a riƙa kiran sa ba kuma ba zai ji tsoron rasa kujera ba. Sashen da aikinsa ke tsayawa saboda mutum ɗaya ya tafi hutu, gazawar shugabansa ce ta fito fili. Ba kowa ne zai tafi a Agusta ba, domin asibiti da filin jirgi da ofishin biyan albashi ba sa rufewa, amma ana iya fifita masu 'ya'ya 'yan makaranta a wannan lokaci, a karkasa sauran tsakanin Yuli da Oktoba.

Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisar Dokoki ta Ƙasa, tare da shugabannin zaurukan biyu, ya kamata su tsayar da ƙa'ida cewa kowane hadimi zai samu kwanakinsa cikin dogon hutun majalisa, bi da bi, ba sai ya roƙa ba. Mutum biyar suna iya raba wata biyu a tsakaninsu ba tare da ofis ya zama kango ba.

Hukumar Babban Birnin Tarayya kuma ita ce ke riƙe da babban kaso. Kowane minti da hanya mai kyau ta rage wa mazaunin Karshi, barci ne da zama da iyali aka mayar masa, don haka hanyar Apo zuwa Karshi magana ce ta lafiyar jama'a kafin ta zama ta kwalta. Sannan akwai batun wuraren shan iska. Lambun Millennium da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta buɗe a Disambar 2003 yana Maitama, tafkin Jabi yana tsakiyar birni, duk kusa da waɗanda ke da lambu a cikin gidajensu. Karshi tana faɗaɗa, rukunin gidaje suna cin gonaki shekara bayan shekara, kuma idan ba a keɓe filayen wasa da na inuwa tun yanzu ba, nan gaba ba za a samu inda za a keɓe ba, kamar yadda ya faru a Nyanya. Sashen Raya Garuruwan Gefen Birni yana da damar yin wannan tun ƙasa tana da sauƙi.

Sauran kaso na ma'aikacin ne da kansa. Gwamnati tana cike gurbin wanda ya faɗi kafin a yi sadakar arba'in, iyalinsa kuwa sukan yi shekaru suna bin haƙƙinsa daga wannan ofis zuwa wancan. Wanda ya cike takardar hutu a bana ya tafi da gaske, ya miƙa fayil ga wanda aka sa ya riƙe, ya sanar da ranar dawowarsa, ya bar ruwan marka ya same shi a gida. Lafiya uwar jiki ce, kuma ba ta cikin abubuwan da ake biyan ariyas ɗinsu.